Lamba mara ma tana iya rabuwa

Da yawa suna ɗauka cewa babbar lamba in ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9, to ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Ba haka ba ne. Iyakar abin da hakan ya nuna shi ne 2 da 5 ba sa raba ta.

Dubi 4,294,967,297, wato biyu guda 32 a ninka da juna, a ƙara ɗaya. Jimlar alƙalumanta 59, kuma 3 ba ta raba 59, don haka 3 ma ba ta raba ta. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya zaci ba ta rabuwa. A 1732 Euler, masanin lissafi na Switzerland, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. In ana gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, kafin a ce ba ta rabuwa, dole gwaji ya kai 65,536, domin 65,536 sau 65,536 saura ɗaya ya kai ta. Wanda ya tsaya a 600 ya yi gaggawa.