Ajin Turanci na 'Yan Mishan a Ƙauyukan Tailan: A Faɗa wa Kaka Gaskiya Tun Ranar Farko

A wasu ƙauyukan Isan, wato arewa maso gabashin ƙasar Tailan, za ka tarar da iyalin baƙi sun kama hayar gida a gefen gari, miji da mata da yara biyu ko uku. Wasu daga Amurka suke, wasu daga Turai, wasu daga Koriya ta Kudu ko Filifin. Ranar Asabar farfajiyar gidan kan cika da yaran ƙauye suna rera haruffan Ingilishi, kuma ba a karɓar ko sisi daga hannun kowa. Masu gidan 'yan mishan ne. Abin da ya raba su da ƙasarsu shi ne wa'azin Kiristanci, Turancin kuwa ƙofa ce ta shiga cikin jama'a.

Ni ban ga laifi a mutum ya bar gidansu don yaɗa abin da ya yi imani da shi ba, kuma ban ga laifi a ya koya wa yaran talakawa harshen da zai amfane su ba. Inda nake da magana shi ne wurin haɗa biyun. Idan za a haɗa, wajibi ne tsohuwar da ta turo jikanta aji ta san abin da aka haɗa, a bakinta, da yarenta, kafin yaron ya zauna a tabarma.

Buƙatar dai ta gaske ce. Isan larduna 20 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar a nan suke, amma shi ne yankin da talauci ya fi yi wa katutu. Noman shinkafa ne sana'ar, ana dogaro da damina. Majiya ƙarfi sun tafi Bankok tuƙin tasi da aikin gini da masana'antu, wasu sun tsallaka har Taiwan da Koriya da gonakin Isra'ila. Yara kuwa suna hannun kakanni. Ana koyar da Ingilishi tun daga aji ɗaya na firamare, sai dai kusan rabin makarantun gwamnati ƙanana ne, ɗalibansu ba su kai 120 ba, kuma ba abin mamaki ba ne malami ɗaya ya riƙe aji biyu ko uku yana koyar da harshen da shi kansa bai taɓa yin hira da shi ba. Ga shi a gida yaren Isan ake yi, ɗan'uwan harshen Laos, don haka harshen Tai ma na makaranta ne, Ingilishi ya zama na uku. A ƙasar da baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 40 suka shiga a shekarar 2019, yarinyar da ta iya Turanci za ta tsaya a teburin karɓar baƙi a otal, wadda ba ta iya ba za ta wanke zannuwan gado a otal ɗin. Kakar da ke ƙauye ta san wannan bambanci sarai.

Su ma iyalan 'yan mishan, adalci ne a faɗi abin da suke ɗauka. Harshen Tai yana da karin sauti biyar da baƙaƙe 44, kuma masu niyyar zama na gaske sukan kwashe shekara ɗaya zuwa biyu suna koyonsa kafin su taɓuka komai. Ƙungiyar 'yan mishan ta OMF, wadda ta juyo Tailan bayan an rufe mata ƙofar Sin a farkon shekarun 1950, tana da wurin koyon harshe a Lopburi don sababbin shiga. Bayan nan ga zafin watan Afrilu, ga zazzaɓin dengi da damina, ga zuwa ofishin shige da fice kowane kwana 90. Uwar gida ita ce malamar 'ya'yanta da safe, malamar yaran ƙauye da yamma, kuma idon kowa yana kanta: yadda take magana da mijinta, yadda take tsawata wa ɗanta, abin da ta sayo a kasuwa. A ƙauye, zaman gidan nan shi ne wa'azin da aka fi sauraro.

Haka abin yake tun fil azal. A 1867 Daniel McGilvary da matarsa Sophia suka yi tafiyar kusan wata uku a kwalekwale daga Bankok zuwa birnin Chiang Mai na arewacin ƙasar da ƙananan yara biyu, suka sauka a wata rumfar matafiya kusa da kasuwa, inda jama'a ke tsayawa kallon yadda suke cin abinci. Sophia a Bankok aka haife ta, 'yar likita Dan Beach Bradley ce, wanda ya iso ƙasar a 1835 ya kawo allurar rigakafin agana da injin buga littattafai, ya kuma binne matarsa ta farko a can. 'Yan matan da Sophia ta fara tarawa a gidanta su ne tushen makarantar Dara da ke nan har yau. A 1908 Dakta James McKean ya buɗe wurin kula da kutare a wani tsibiri na kogin Ping lokacin da kowa ke gudunsu. Mutanen da suka zauna har suka mutu a ƙasar ba za a kira su 'yan yaudara ba.

To ina matsalar? Tana cikin matsayin malami. A Tailan malami ba ma'aikaci ba ne kawai. Kowace shekara, a wata ranar Alhamis ta farkon zangon karatu, ɗalibai kan durƙusa gaban malamansu da furanni don nuna biyayya. Wanda ya koya maka, ya zama kana da bashinsa. Mutanen kuma masu kara ne matuƙa, suna jin nauyin su ce wa babba ko baƙo "a'a" a fuskarsa. Yanzu ka ɗauki yaro ɗan shekara tara wanda uwarsa ke Bankok, ga malami baƙo mai fara'a da ya ba shi littafi da alewa kyauta, sai bayan wata uku malamin ya ce kowa ya rufe ido a yi addu'a, ko ya maimaita wasu kalmomi. Yaron zai rufe ido, zai maimaita. Ba zaɓi ya yi ba, kara ya yi. Kakarsa kuma ba ta san an yi ba, domin da Turanci aka yi.

Tarihin ƙasar ya nuna yadda ake yin wannan ciniki a fili. A 1845 Yarima Mongkut, yana limamin addinin Buda a ɗakin ibada na Bowonniwet, ya nemi ɗan mishan Jesse Caswell ya koya masa Ingilishi. A madadin haka ya ba shi ɗaki inda zai yi wa'azi ya raba takardunsa. Kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Mongkut ya ƙware a Turanci, ya hau gadon sarauta a 1851, ya yi amfani da harshen wajen hulɗa da Turawan da ke haɗiye ƙasashen maƙwabta, bai kuma bar addininsa ba. Caswell bai yaudare shi ba, shi ma bai ci amanar Caswell ba. Abin da aka yi wa yarima a faifai, tsohuwar ƙauye a lardin Roi Et na Isan ta fi shi buƙatarsa, domin ba ta da iliminsa, ba ta da ikonsa, kuma ba za ta iya korar malami ba.

Wannan ba ra'ayin masu adawa da Kiristanci ba ne. A 2011 Majalisar Majami'u ta Duniya da ofishin Fadar Vatican mai kula da hulɗa da sauran addinai da Ƙungiyar Masu Bishara ta Duniya suka fitar da takarda ta haɗin gwiwa kan ladubban wa'azi a tsakanin mabiya addinai dabam-dabam. Zaman ƙarshe na tsara ta ma a Bankok aka yi shi, a watan Janairun shekarar. Takardar ta yi hani da yaudara da tilastawa, ta kuma ce amfani da talauci ko buƙatar mutum don jan ra'ayinsa ba shi da gurbi a aikin bishara. Don haka ɗan mishan da ya rubuta "darasin Turanci kyauta" a allo, ya ɓoye sauran, ya saɓa wa manyansa kafin ya saɓa wa kowa.

Wasunsu za su ce idan aka bayyana tun farko, ba wanda zai zo. Idan haka ne, to amsar ke nan: mutanen ba sa so, kuma ɓoyewar hanya ce ta zagaye ƙin yardarsu. Amma ban ma yarda haka ne ba. Iyaye mabiya Buda sun shafe fiye da shekara ɗari suna kai 'ya'yansu makarantun mishan irin su Prince Royal da Dara a Chiang Mai da makarantun Katolika na Bankok, sun san akwai addu'a, sun san akwai Littafi Mai Tsarki, sun auna sun ga ilimin ya cancanta. Mutumin Tailan ba ya tsoron jin wa'azi. Abin da ba ya mantawa shi ne a yi masa rufa-rufa, kuma idan ya gano, ba zai yi faɗa ba, zai yi murmushi ya janye yaronsa, ƙauye duka kuma ya ji.

Wasu kuma za su ce ai babu abin damuwa, tunda kusan shekara ɗari biyu bayan isowar 'yan mishan Furotesta na farko, Karl Gützlaff da Jacob Tomlin, a 1828, Kiristoci ba su wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ba, kuma kaso mai yawa na cikinsu daga ƙabilun tsaunuka ne irin su Karen da Lahu da Akha. Gaskiya ne. Mishan ɗin Presbyterian da ta fara aiki a Bankok a 1840 ba ta yi wa ɗan Tai na farko baftisma ba sai a 1859. Amma ƙididdiga ba ta share hawayen gida ɗaya. A al'adar Isan, saurayi kan shiga limancin addinin Buda na ɗan lokaci, ya aske kai ya sa tufa mai ruwan goro, kuma an yi imani ladar wannan tana zuwa ga mahaifiyarsa, wadda ita ba ta da damar shiga. Ɗan da ya koma Kirista ba zai yi mata haka ba. Ga sadakar abinci ga limamai da safe, ga hidimar jana'iza, duk ƙauye a haikali yake haɗuwa. Baligin da ya auna duk wannan ya ce ya ji ya gani, haƙƙinsa ne, kuma dokar ƙasar ta ba shi tun daga umarnin Sarki Chulalongkorn na 1878, wanda ya biyo bayan kashe sababbin Kiristoci biyu a Chiang Mai a 1869. Yaron firamare kuwa bai san nauyin abin da ake ɗora masa ba, kuma ba shi ne zai ɗauki zafin shi kaɗai ba.

Masu cewa a hana su baki ɗaya ma ban bi bayansu ba. Gwamnatin Tailan ta amince da Kiristanci cikin addinai biyar da take kula da su, tare da Buda da Musulunci da Hindu da Sikh, tana kuma ba da izinin zama ga adadi ƙayyadadde na masu wa'azi daga waje. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa ya bayyana kansa. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai shigowa da bizar yawon buɗe ido ya tsaya gaban aji, alhali doka na buƙatar izinin aiki ko da aikin sa kai ne.

Nan ne batun rukunin matasan da majami'u ke turowa na mako biyu ya shigo. Sukan zo da jita da ƙwallo, a yi sansanin Turanci, a ɗauki hotuna da yara, su koma. Yawancinsu ba su taɓa koyar da kowa ba, suna ganin iya magana da harshe ya isa. Bai isa ba. Yaron da aka koya wa sunayen launuka sau huɗu a hannun baƙi huɗu bai matsa ko taku ɗaya ba. Idan Turanci aka yi alkawari, a ba da Turanci na gaske: malami mai horo, tsarin da ya dace da manhajar makaranta, da taimaka wa malamar ƙauyen da za ta ci gaba bayan baƙi sun tafi. Hotunan nan kuma, da ake aika wa masu ba da gudummawa a ƙasashen waje da labarin "rayukan da aka samu", ya kamata a tambayi mai yaro kafin a ɗauka.

Mu a nan mun san ƙarshen irin wannan labari. Ɗan mishan Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na ashirin, makarantarsa da ta koma Wusasa ta fitar da likitan farko na Arewa, Dakta R.A.B. Dikko. Amma zargin cewa makaranta tarko ce ya sa iyaye da yawa suka ɓoye 'ya'yansu daga boko shekara da shekaru, har da makarantun da ba ruwansu da mishan, kuma har gobe muna biyan wannan bashi. Ma'aunin ɗaya ne ga kowa: ƙungiyar da'awa da ta haƙa rijiya ko ta buɗe aji a ƙauyen da ba na Musulmi ba, ita ma ta faɗi abin da ya kawo ta.

Akwai kuma yaran da ba a cika tunawa da su ba, 'ya'yan 'yan mishan ɗin kansu. Ba su aka kira ba, iyayensu aka kira. A da akan tura su makarantar kwana tun suna ƙanana, har zuwa Malesiya. Yanzu da yawa ana koyar da su a gida, in sun girma a kai su Chiang Mai, inda makarantar Grace da aka buɗe a 1999 ke karɓar irinsu. Sau da yawa su ne ke jawo yaran ƙauye zuwa gidan, don su suka fi iyayensu iya yaren. Uban da ya ga haka ya mai da abotar 'yarsa dabarar aiki, ya cuci yara biyu, tasa da ta maƙwabci. A bar su su je kamun kifi a fadamar shinkafa tare ba tare da an tambaye ta da dare ko ta yi wa ƙawarta maganar coci ba.

Abin da nake nema daga iyalin da ke shirin buɗe aji ba mai wuya ba ne. Su je wurin mai gari da shugaban makaranta, su zauna da kakanni, su ce da yaren Isan: mu Kiristoci ne, wa'azi ya kawo mu, Asabar Turanci ne zalla, Lahadi ibada ce, wanda ya zo Asabar bai zo Lahadi ba matsayinsa ɗaya da kowa, kuma ba za a yi wa yaro baftisma ba sai da sanin wanda ke riƙe da shi.