Wa ya ba kamfani ikon soke abin da yarinya ta karanta?

Abin da aka yi wa yarinyar nan ranar Asabar a zaman karatu rashin mutunci ne, kuma ba zan lulluɓe maganar ba don kawai wanda ya aikata ɗan jami'a ne da ya iya jero sunayen taurari da Turanci. Waɗanda suka je sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuwa labari ya iske su a fada tun kafin la'asar. Yarinya 'yar lise ta zauna ta karanta littafin Ahsoka na E. K. Johnston, ɗaya daga cikin littattafan da aka rubuta a kan finafinan Star Wars, a fassarar Faransanci, ta cika takarda ciki da baya da abin da ta fahimta, ta tsaya gaban manya muryarta tana rawa ta yi bayani, sai wani ya miƙe ya gyara tsayuwa ya ce ta yi aikin banza, domin wai kamfani ya soke littafin, ya fitar da shi daga sahihin labari. Aka yi dariya. Ita kuwa ta ninke takardarta gida huɗu, ta tura a cikin hijabi, ba ta sake buɗe baki ba har aka tashi.

To, madalla da wannan ilimi mai zurfi. Ashe akwai wani ofishi a Kaliforniya da yake da hatimin da in ya buga, abin da yarinya ta karanta a Zangon Damagaram sai ya goge daga ƙwaƙwalwarta. Ashe kafin ka ce labari ya taɓa zuciyarka sai ka fara tambayar kamfanin Disney mai mallakar Star Wars ko yana nan a kan bakansa. Da mun san haka da mun daɗe da aika wa kamfanin takarda, ya turo mana jerin littattafan da ya halatta mu so a wannan shekara, mu huta da wahalar tunani.

Hujjar tasa dai ba ɓoyayya ba ce, kuma ba ƙarya ya yi a kanta ba. Littafin ya fito a watan Oktoba na 2016, daga baya a 2020 aka fitar da kashi na bakwai na zanen The Clone Wars, wanda ya nuna ƙarshen yaƙin ta wata fuska dabam da ta littafin. A littafin takubban haske na Ahsoka koraye ne lokacin yaƙin Mandalore, a zanen kuwa shuɗaye ne. A littafin ta bar takubbanta a kan wani kabarin ƙarya da aka yi wa abokinta Rex don a zaci ya mutu, a zanen kuwa ta yar da takobi ne a gaban kaburburan sojojin da suka halaka a faɗuwar jirgi. Sannan a 2022 aka sake ba da labarin ɓuyanta a Tales of the Jedi cikin ɗan gajeren kashi da bai kai minti 20 ba, da wasu mutane dabam da wani ƙauye dabam. Iyakar abin da yake tutiya da shi ke nan, launin takobi da wurin kabari. A kan launin takobi aka ci wa ɗiyar mutane fuska a bainar jama'a.

Da ya bari ta ƙarasa, da ya ji abin da ita ta gano, wanda shi da duk haddar tasa bai gano ba. Yarinyar ba ta tsaya kan takobi ba, kan ƙasar noma ta tsaya, kuma nan ne cibiyar littafin. Ahsoka tana gudun Daular da ta karkashe 'yan Jedi, mayaƙan da ta tashi a cikinsu, ta canza suna ta koma Ashla, ta ɓuya a wani ɗan ƙaramin wata da ake kira Raada, inda babu abin da ake yi sai noma, tana cin abinci da gyaran injina. Farkon hulɗarta da mutanen wurin ma wata budurwa ce mai suna Kaeden ta kawo mata injin casa da ya lalace. Ana cikin haka sai wani ma'aikacin Daula, wanda aikinsa lissafi ne a kan tebur, ya duba takardunsa ya ga Raada ta dace da wata shuka da za a sarrafa a ciyar da sojoji. Shukar tana girma da sauri, tana kuma tsotse duk albarkar ƙasa, ta yadda in an girbe ta gonar ba za ta sake ba da komai ba. Ma'aikacin ya san da haka tun kafin a zuba iri, kuma shi ya sa ma ya zaɓi wurin da ba wanda zai tambayi labarinsa. Aka sauke sojoji, aka ƙara wa manoma lokacin aiki, aka rage musu abinci, aka hana taruwa da dare, aka tilasta musu su kashe gonarsu da hannunsu.

Ina tambayar duk wanda ya tashi a kudancin jihar nan, daga Magarya zuwa Matamaye da Kance, shin wannan labarin baƙo ne a kunnensa? Tsofaffinmu sun ba mu labarin zamanin gyaɗa, lokacin da Nasara ya ɗora haraji ya ce da kuɗi za a biya, talaka kuwa ba shi da hanyar kuɗi sai ya rage gero ya shuka abin da kanti yake saye. Gona ta daina samun hutu, aka yi ta sare daji ana ƙara fili, buhuna suna tafiya kudu zuwa Kano su hau jirgin ƙasa, har fari na 1973 da 1974 ya zo ya iske rumbuna ba su da kauri. Ban ce gyaɗa guba ce ba, kuma ban ce marubuciyar nan 'yar Kanada ta san Magarya ba. Abin da na ce shi ne, yarinya 'yar Damagaram ta karanta labarin wata duniya da ba ta wanzu ba, ta ga kakanta a ciki, ta tashi za ta faɗa mana, aka toshe mata baki da launin takobi. In ba wannan ne amfanin karatu ba, sai a faɗa mini amfaninsa.

Abin haushin kuma shi ne, wannan ɓangare na shukar da ke kashe ƙasa shi ne daidai abin da zanen 2022 ya zubar. A zanen akwai gona, akwai yarinyar da Ahsoka ta ceta daga kayan da za su danne ta, akwai wanda ya kai tsegumi, akwai mafarauci da ya zo ya ƙone ƙauye aka kashe shi cikin ƙiftawar ido. An yi zane mai kyau, ban musa ba. Amma babu ma'aikacin lissafi, babu gardamar manoma a gidan shaƙatawar Selda kan ko a yi haƙuri ko a yi tawaye, babu matasan da zafin kai ya ɗebe su suka kai hari ba shiri aka yi asarar rayuka. Wato ƙanena ɗan jami'a yana so yarinyar ta ajiye labarin da yake da nama ta rungumi wanda aka sule, saboda kawai na biyun ne ya zo daga baya kuma shi ne kamfani ya fi so.

Kada wani ya zaci ina cewa littafin ba shi da aibu. Yana da shi, kuma da a kan aibun aka yi mata gardama da na tafa. Mafaraucin da ake kira Ɗan'uwa na Shida an yi ta tsorata mu da shi, da aka zo karo kuwa bai ɗauki shafi nawa ba ya faɗi, kuma daga duwatsun takobinsa ne ta samo fararen takubban da aka san ta da su. Tsakiyar littafin tana jan ƙafa lokacin da Ahsoka ta koma wurin iyalin Fardi tana kai kaya da jirgi. Akwai 'yan guntayen babi da aka soka don faranta wa masu kallon fim rai, waɗanda ba su ƙara wa labarin Raada komai ba. Ƙarshen kuma a gurguje yake, domin an riga an shata wa marubuciyar inda za ta sauka: tun 2015 masu kallon zanen Rebels sun san Ahsoka ce Fulcrum mai yi wa 'yan tawaye leƙen asiri tare da sanata Bail Organa, saboda haka dole littafin ya kai ta can ko labari ya nuna ko bai nuna ba. Wannan ita ce larurar duk littafin da aka rubuta a inuwar fim, an ba ka mafari, an ba ka ƙarshe, an ce ka cike tsakiya ba tare da ka kashe wanda kamfani yake bukata gobe ba. Duk da wannan dabaibayi Johnston ta sami inda ta dasa abin kanta, kuma shi ne yarinyar ta tono.

Na san za a ce ai irin waɗannan littattafai talla ce kawai, ana buga su don a sayar da fim da kayan wasan yara. Na ji, kuma sai me? Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, a 2012 a kan kuɗi sama da dala biliyan 4, ba wanda ya zaci sadaka ta zo yi. Niyyar mai bugawa ciniki ce, amma abin da mai karatu ya ɗauka nasa ne, ba ya cikin lissafin kamfani. Za a kuma ce na yara ne, kamar dai wadda ta karanta shi tsohuwa ce mai jikoki. Masu cewa ba al'adarmu ba ce kuwa, su fara kashe fim ɗin Indiya mai fassara da ke kunne a wayarsu, sannan mu zauna mu yi magana.

Wannan sokewa da ake yi mana barazana da ita ma ba yau aka fara ta ba. A watan Afrilu na 2014 kamfanin ya sanar da cewa tarin littattafan da aka rubuta a kan duniyar Star Wars tsawon shekaru sama da talatin sun fita daga sahihin labari, ciki har da na Timothy Zahn na 1991 da ya farfaɗo da sha'awar mutane bayan an daɗe ba a yi sabon fim ba. Shin waɗanda suka karanta su sun mayar da daɗin da suka ji? Ana nan ana sake buga littattafan ana sayarwa, kuma kamfanin da kansa ya koma ya ɗauko Thrawn, wani babban hafsan sojan Daula, daga cikinsu ya sa shi a zane da fim. Wanda ya soke jiya shi ne ya dawo yana tsinta yau, gobe kuma zai iya soke zanen da ƙanena yake rantsuwa da shi. Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, domin Gizon da kakata ta ba ni a Birni ba daidai yake da wanda aka ba abokina a Mirriya ba, kuma ba a taɓa kiran taro don a tantance wane ne na gaskiya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kowa a garin nan ya san wahalar da ke tsakanin yaro da littafi. Kuɗin littafi guda sabo ya isa cefanen kwanaki, na aro kuma sai an bi layi, yawancin yara a waya suke karatu, suna lallaɓa caji saboda wuta ba ta da tabbas. A cikin wannan hali aka sami yarinyar da ta karanta littafi tun daga bango har bango ba don jarrabawa ba, ba don malamin makaranta ya tilasta mata ba, ta kuma yi tunani a kansa har ta haɗa shi da tarihin gidansu. Irin wannan yarinya riƙe ta ake yi da hannu biyu. Mu manyan da muke zaune a wurin muna da alhakin kiran ta a zama mai zuwa, a ba ta lokacinta cikakke, ta warware takardar nan ta karanta abin da ta rubuta har ƙarshe, wanda yake da ja kuma ya ja a kan manoman Raada, ya zo da shafi da hujja.

Kai kuma ƙanena, ba na ƙin ka, kuma na yaba da yadda ka san wace shekara aka fitar da wane kashi. Amma ka riƙe wannan sani don ranar gasar kacici-kacici. Wanda ya haddace sanarwar kamfani bai fi wadda ta karanta littafi ba, kuma in kana so ka burge mu, ka karanta shi kai ma, domin daga yadda ka yi magana na fahimci taƙaitawar intanet ka gani.

Tun da ma maganar labarin sararin sama ake yi, ina so in san mutum nawa ne a cikin masu dariyar nan suka taɓa riƙe Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya tun 1969, da Hausa tsantsa, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya, shekaru takwas kafin fim ɗin Star Wars na farko ya fito a 1977. Na zaga wurin masu sayar da littattafai a Kasuwar Dole ban same shi ba, wani ma ya ɗauka littafin taurari na masu duba nake nema. Duk wanda yake da kwafi a gida, ko da bangonsa ya yage, ko mai shirin zuwa Kano a kwanakin nan, ya yi mini magana, zan biya kuɗin littafin da na mota.