Wani yaro ne ya yi mini aikin

Matata ba ta taɓa kiran jitata da sunanta ba, "kishiyata" take ce mata. Jita ce ta lantarki, na saye ta gwanjo a Sabon Gari tun ina gwauro. An rubuta Fender a kanta, ƙirar Stratocaster ɗin nan da aka fara yi a Amurka a 1954, amma ni da mai shagon duk mun san ko hanyar Amurka ba ta sani ba. Ina son abata a haka.

Wanda ya saba da garaya ko gurmi zai ga wuyansu sumul yake. Ita jita an gitta mata ƙananan ƙarafa a wuya, masu kiɗa na ce musu firet, tawa guda 21 ne. A kansu ake danne tsirkiya sauti ya fita daidai. Gamin tagulla ne da nikel, tsirkiya kuwa ta fi su tauri, don haka yau da gobe sai ta ci su. Biyar ɗin farko nawa sun yi rami kamar turmin gidan yawa. In na kaɗa, sai ka rantse ƙuda ne ya faɗa kwalba.

Na kalli bidiyo uku a YouTube, na ga wani Bature ya gama aikin canza firet cikin minti ashirin yana murmushi. Na ce wannan ai ba sai an biya wani ba. Na sa aboki ya aiko mini da sabuwar wayar firet daga Legas, na shiga Ƙofar Ruwa na sayo awartaki da magagari da samfefa. Wani mai walda da ya ji bayanina ya ce in kawo ta ya ɗiga mata wuta a ramukan, minti biyar an gama. Na yi masa kallon jahili. Allah Ya yafe mini.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance tsirkiyoyi shida, na yi bisimilla. Ashe ƙarfen nan yana da ƙafa mai ƙananan haƙora da ke cije da katako a cikin tsaga. Shi ya sa ake fara ɗumama shi da ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma, sannan a ɗaga shi a hankali daga gefe guda. Ni wajen nan na tsallake a bidiyon, saboda data. Na kama na farko na fizge kamar mai cire ƙusa a benci. Ya fito kuwa, tare da ɓallin katako. Ga hunturu ya busar da icen ƙayau, kowane na cira sai ya taho da guzurinsa.

Ban karaya ba. Na tattara ɓallayen a murfin kwano, kowane na san gurbinsa, da niyyar in mayar da su da gam. Aka kira la'asar na tafi masallaci. Na dawo na tarar da tsakar gida fes, murfi a wanke a kife.

"Ina abin da ke cikin murfin nan?"

"Wane abu, Abban Ummi? Dattin? Yana bola."

Yadda ta faɗe shi a natse, har yau ban yarda kuskure ba ne.

Sai sa sababbi. Fuskar wuyan jita ba shafe take ba, tana da ɗan doro, don haka dole a lanƙwasa wayar kafin a buga, kuma da guduma mai kan roba. Ni a miƙe na yanka ta, na ɗauko hamar da muke kafa ƙusar labule. In na buga dama, hagu ya ɗaga. In na buga hagu, dama ta yi tsalle. Ina cikin wannan dambe maƙwabcina ya yi sallama da kujera mai karyayyar ƙafa, wai ya ji na fara kafinta.

Wajen sha ɗayan dare na ɗaura tsirkiya, na jona amfilifaya da ɗan cajin da ya rage a batir. Na danna firet na uku, na danna na huɗu, na biyar: duk murya ɗaya. Na shida ya fi 'yan uwansa tsayi, shi kaɗai tsirkiya ke taɓawa. Na zame hannu ƙasa cikin fushi, bakin ƙarafan da ban goge ba suka tsaga mini yatsa. Matata ta kawo tsumma tana cewa, "Sannu. Ashe tana cizo."

Litinin na naɗe ta a zani kamar mai kai mara lafiya asibiti, na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, wajen wani dattijo da ke gyara wa mawaƙan coci kayan kiɗa. Ya ɗora ƙaramin ƙarfe miƙaƙƙe a kan firet uku-uku, ko'ina sai ya yi rawa ƙwas-ƙwas. Ya ce sai an cire duka, a cike tsagogin da garin katako da gam, a buga wasu, a goge su tsayi ɗaya, a sake zagaye kan kowane da magagari. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Wani yaro ne a unguwarmu, Baba."

"Yaron nan ba shi da imani. Ko akuya aka ba wa hama ba za ta yi haka ba. Allah Ya shirye shi."

Na ce amin da ƙarfi. Ya faɗi kuɗin aiki, ya kusa abin da na sayi jitar. Ya ƙara da cewa lallai in je in karɓo kuɗina a wajen yaron, in ya ƙi in haɗa shi da iyayensa.

Da na koma gida na ba matata labari, har da maganar yaron, don in sami mai taya ni jimami. Ta saurara tsaf, ta ɗauki wayarta ta ce bari ta kira Hajiya, tunda an ce a haɗa shi da iyayensa.