Birni ba hoto ba ne kawai

Malam mai rubutu ka yabi gidajen zanen Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da fadar Sarkin Damagaram, to madalla, amma ka tambayi masu kwana cikinsu? Gidan ƙasa duk damina sai an yi mishi yaɓe, in ba haka ba katanga ta zube, shi ya sa kowa ke komawa siminti. Da can nasaru na zuwa su yi hoto kan duwatsu su sayi jaka da takalmi wajen dukawa, yanzu shiru kake ji, masu zagayawa da baƙi sun koma kabu-kabu. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 wai har yau muna bin 'yan garuwa da jarka, haba dai. A fara kawo mana ruwan famfo tukuna.