Mai rufe lambar motarsa, wa yake wa ɓuya?

Ranar Alhamis da la'asar ina tsaye wajen Gawon Nama ina jiran kabu-kabu, sai ga wata baƙar mota mai gilashi mai duhu ta fito a guje, ta goge wani yaro mai baro da ke turo lemu. Lemu ya watse a kwalta, yaron ya dafe gwiwa yana salati. Motar ko burki ba ta taka ba. Muka ɗaga kai mu biyar ko shida don mu kama lamba, sai muka ga baƙar fata an ɗinka mata, an rufe ta ruf kamar kuben wuƙa. Wani dattijo mai goro ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan sai dai a bar wa Allah." Alhamdulillahi yaron bai karye ba. Amma tun ranar abin yake ci mini rai.

Bari mu fara da tambayar da wani abokina ya yi mini da na ba shi labari: wai shin rufe lamba laifi ne a doka, ko kuwa ado ne kawai? Laifi ne. Dokar da ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta 2007, da ƙa'idojin bin hanya na 2012, sun wajabta a manna lamba gaba da baya, a inda ido zai gan ta ya karanta. Rufe ta, ko da fata, ko da leda, ko da wannan robar mai hayaƙi-hayaƙi da ake sayarwa wajen masu kayan ƙawata mota, duk saɓa wa wannan ne. 'Yan sanda ma daga Abuja sun sha fitar da sanarwar a kama masu yi. Sanarwa dai ba ta yi mana ƙaranci ba.

Mutane da yawa ba su san lambar nan magana take yi ba. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar motar, mu nan Sakkwato muna da 23. Launin rubutun kuma yana faɗa maka irin motar: shuɗi ta gida ce, ja ta haya, kore ta gwamnati. Sama kuma ga sunan jiha da kirarinta, namu na cibiyar Daular Usmaniyya. Wato wanda ya rufe lamba ya ɓoye garinsa, ya ɓoye sana'ar motarsa, ya kuma yanke igiyar da za a bi a kai ga sunansa a rajista. Mutum mai gaskiya me zai sa ya yi wannan wahala?

Na san amsar da za a ba ni, don na ji ta har na gaji: tsaro. Wai a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, babban mutum bai kamata a san motarsa ba. To ni dai ban gane ba. Motar da ta kai kuɗin gida uku a Mabera, ga jiniya, ga rakiya a baya, ita ce za ta ɓace wa ɓarawo don an rufe mata haruffa? Ai rufin ma shi ke shelar cewa akwai wani a ciki. Kuma mu da muke zaune a jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ba su barci da ido biyu a rufe, mu ne ya kamata mu fi kowa ƙin motar da ba a san ta wane ne ba. Daga nan zuwa Illela tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce, ka tsallaka sai Ƙonni. Idan babba ya rufe lamba aka sara masa a shingen bincike, gobe mugu ma zai je wajen baduku a ɗinka masa irinta, shi ma a sara masa.

Asalin abin daga wajen masu kaki da manyan masu mulki aka gano shi. Janar na soja yana da farantin taurari a motarsa, idan ba ya ciki sai a lulluɓe, haka tutar gwamna. Wannan alamar muƙami ce ake rufewa, kuma da dalilinta. Sai 'yan siyasa suka ara, sai yaransu, sai abokan yaransu, har ta kai yanzu yaron da bai gama jami'a ba ya ɗauki motar babansa ya sa mata hula, yana zagaya gari da daddare. Wasu kuma cire lambar suke yi ɗungurungum su manna sunan sarautarsu ko hoton ɗan takara. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, amma sunan sarauta ba rajista ba ne.

Kada kuma a haɗa wannan da lambar da ta koɗe. Ranar Sakkwato a watan Afrilu ko fentin ƙofa ba ta bari, balle ɗan siririn rubutu a kan gwangwani. A watan Janairun 2025 wata babbar kotun tarayya a Legas ta hana FRSC cin tarar direbobi saboda lambarsu ta koɗe, tunda hukumar ce ke buga ta. Wannan ya yi daidai a ganina. Talakan da rana ta cinye masa lamba daban, wanda ya biya kuɗi aka rufe masa da gangan daban. Abin haushin shi ne na farkon ake tsayarwa a titi a ce ya kawo takardu, na biyun kuma a ɗaga masa hannu a ce "a sauka lafiya, ranka ya daɗe."

Ni ba jami'an da ke tsaye a rana nake zargi ba. Ƙaramin ma'aikacin da zai tare irin wannan mota ya san waya ɗaya za a buga a mayar da shi wani ƙauye. Waɗanda za su iya kashe wannan ɗabi'a su ne masu yin ta. Ranar da kwamishina ko ɗan majalisa ya cire fatar nan daga motarsa, yaransa ba za su kwana da tasu ba.

Yaron mai lemu mun tattara masa abin da bai fashe ba, mai goron nan ya ba shi ɗari biyar daga cinikinsa. Da na tambaye shi ko zai kai ƙara, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, in ce wa ya buge ni?"