Ba sai ya bar tramol ba kafin a kai shi likita

Wata magana tana damuna nan Damagaram, wai mai taɓin hankali in yana shan tramol ko wiwi shi ya ja ma kansa, ya bari tukuna a kai shi likita. Gaskiya ƙwaya na birkita kai, amma wasu ciwon ne ya riga zuwa. Kamar ɗan kabu-kabu da damuwa ta danne, ya fara sha don ya iya fita aiki, in ka ƙwace ƙwayar kawai damuwar na nan, ga zufa ga ciwon jiki, sai ya koma. Shi ya sa majo da lokotoro ke duba biyun tare, a rage a hankali, a lura da barcinsa, har a tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa.