Wai agwagwar Amurka

Duk laifin mutumin Gumel ne, kowa ya san shi, in ya ga abin kyauta ba ya wucewa. Shi ya zo da maganar wai abokin aikinsa Bature zai kai mu Musselburgh kallon agwagin teku, nan kusa da Edinbara a ƙasar Scotland inda kogin Esk ke faɗawa teku, wai har da shayi. Ranar Asabar, watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe 4. Ni da ko fita sayen burodi sai na yi shawara da raina.

Mun isa muka tarar da mutane jere a kan katangar bakin ruwa, kowa da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, shiru kake ji, ba mai ko tari. Ashe agwagwa ɗaya tak suka zo nema. Akwai wasu baƙaƙe da ake ce wa skota, suna zuwa cin sanyi a nan duk shekara, to a cikinsu wai an ga wata da asalinta Kanada da Alaska ne, ta ɓato hanya ta tsallako tekun Atlantika. Namijin yana da fari a goshi da ƙeya, baki kuma ja da fari da ruwan lemo. Kuma ba zama suke wuri ɗaya ba, nutsewa suke su ɗebo kifin kwanso a ƙasan ruwa su haɗiye da ɓawonsa, kana ƙiftawa sun ɓace.

Wata tsohuwa ce ta fara gano ta, tun safe take tsaye a wurin. Ta saita madubin ta ɗaure, ta yafito ni da fara'arta ta ce zo ka gani ɗana, amma kar ka taɓa. To jama'a ku da kun san rigar sanyin nan tawa mai kumburi, wadda nake sawa a kan jallabiya. Ina sunkuyawa hannun rigar ya ɗan shafi abin, shafa fa, ba turawa ba. Na kanga ido, hawaye na zuba saboda iska, sai ga wani baƙin abu yana lilo a kan ruwa da ɗan fari a samansa. Na ce alhamdulillah. Na ɗago na ce na gan ta! Ta ce ka ga farin ƙeyar? Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce bakin fa? Na ce ai bakin ne ma ya fi burge ni, kalar nan ba a magana. Har na ƙara da cewa ta juyo tana kallona. Wannan ƙarin ne yake ci mini rai har yau, waye ya tambaye ni?

Mutane suka fara matsowa. Tsohuwa ta sa ido, ta yi shiru, ta ɗago ta dube ni ta sake sa ido. Sai ta ce, a hankali yadda ake yi wa yaro magana, wannan ai robar masunta ce da suke alamar tarkon ƙaguwa da ita. Farin da na gani kashin tsuntsu ne. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi, kowa ya koma kan madubinsa yana neman agwagwar da na ɓatar. Wani ma haƙuri ya ba ni.

Mutumin Gumel kuwa ya durƙusa bayan katanga yana tari, wai iska ce ta sarƙe shi. Da ya farfaɗo sai ya ga bai gama da ni ba. Akwai wani dattijo mai jar hula da tun zuwanmu yake mita a kan maharba, sai wannan bawan Allah ya je ya ce masa ai abokina babban maharbi ne a fadamar Hadejia, kirinjijiya da dinya ba wadda bai ci ba. Ni! Da danko ne fa, muna yara, kuma ban taɓa samun ko ɗaya ba, ƙanin babana ne mai bindiga. Dattijo ya tsare ni. Wai a nan harbin agwagwa a gaɓar teku daga 1 ga Satumba ne zuwa 20 ga Fabrairu, ban da Lahadi, kuma skota ba ta cikin waɗanda aka yarda a harba. Wai an hana harsashin dalma a wuraren ruwa saboda agwagi na tsintarsa su haɗiye da sunan tsakuwa ya kashe su a hankali. Wai wasu agwagin da muke harbi a Hadejia da Nguru daga Turai suke tasowa su tsallake Sahara. Yana yi yana nuna ni da yatsa cikin safar hannu, ni kuma ina ta gyaɗa kai, hancina na yoyo, ba ko tishu.

Kuma mutumin nan da ya haɗa ni da dattijo, shi ne fa a cikin bas yake tambayata ko agwagwar teku za ta yi daɗin farfesu ko ƙarni za ta yi. Shi ne wanda har yau bai biya ni kuɗin ragon layyar da muka haɗa ba, in na yi magana ya ce canji ne ya tashi.

An ce sun sake ganin ta bayan mun tafi. Shayin ma ashe kowa da flas ɗinsa yake zuwa.